Zauren Masu Karatu: Littafin Ƙarshe Ya Fito, Yaya Za a Yi Masa Sharhi?

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan abu guda: wani labarin soyayya mai littafi huɗu da aka gina a kan zamanin Rabe, mayaƙin da ya ci Barno, da shigowar Jamusawa ƙasar Fombina, wato Adamawa. 'Yar wani madugu Bahaushe mazaunin Marwa ce take son wani almajiri, almajirin ya bi Hayatu, jikan Sarkin Musulmi Bello, zuwa Dikwa, ita kuma aka aurar da ita ga wani barde na lamiɗo. Ba za mu kama sunan littafin ba, tunda wannan fili ba na talla ba ne. Yadda ake sharhin irinsa shi ne abin da aka tambaye mu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu mata goma sha biyu ne muke haɗuwa karatu duk Asabar a unguwarmu. Mun bi labarin nan tun daga na ɗaya, yanzu na huɗu ya fito bayan doguwar jira, aka ɗora mini rubuta sharhinsa. Na cika shafi shida, da na karanta wa yayata sai ta ce ai labarin kawai na sake ba ta. Ina na kuskure? (Wata mai karatu, Garwa)

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, kin zauna rubutu tun ba ki yanke hukunci ba, shi ya sa. Duk wanda bai san abin da zai ce a kan littafi ba, hannunsa labarin yake komawa ya zuba. Ki ajiye shafi shidan nan tukuna.

Littafin ƙarshe tamkar ranar biyan bashi yake. Marubuciya ta yi littafi uku tana cin bashin masu karatu: ta ɓoye asalin wani, ta sa wata ta yi rantsuwa, ta batar da wani a hanyar Barno, ta ba jaruma laya ta ce kada ta buɗe sai ranar da ta rasa mafita. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Saboda haka aikinki ba daga na huɗu zai fara ba. Ki samu littafin rubutu, ki ja layi biyu a tsaye, shafi ya rabu gida uku. A gidan farko ki rubuta alkawarin, a na biyu inda aka yi shi, wato littafi na nawa, babi na nawa, ki bar na uku babu komai. Ki bi na ɗaya zuwa na uku a gurguje kina cikewa. In kika ga jerin ya haura ashirin, kin kwaso har da tarkace. Ki tace, ki bar waɗanda mai karatu zai ji haushi in ba a taɓo su ba. Takwas zuwa goma sha biyu sun isa.

Sai ki karanta na huɗu sau biyu. Karon farko don jin daɗi, amma da fensir a hannu: ki sa ɗigo a inda kika ajiye littafin kika tafi wani aiki ba tare da ranki ya koma kansa ba, ki sa wata alama a inda kika tsallake shafi. Waɗannan wurare ba sa ƙarya. Karo na biyu na lissafi ne, a nan za ki cike gida na uku. Wani bashin an biya shi cif. Wani an biya rabi. Wani an cinye, ko ambatonsa ba a sake yi ba. Akwai kuma wanda aka biya da jabun kuɗi, shi ne ya fi wuyar ganewa, don a karatun farko yana iya sa ki hawaye.

Ga yadda jabu yake. Kishiyar da ta hana ruwa gudu tsawon littafi uku, maciji ya sare ta saura shafi goma a gama. Ko wata tsohuwa da ba a taɓa gani ba ta yi sallama da daddare ta zazzage asirin asalin jarumi. Ko a ga gaskiyar magana a mafarki. Gwajin ɗaya ne: an shuka irin wannan abu a baya? In tsohuwar nan ita ce mai tallar nono da ta tsura wa jarumi ido a kasuwa a littafi na biyu har ya tsargu, to, marubuciya ta biya da kuɗi mai kyau, ki yaba mata ki kuma nuna babin. In daga sama ta faɗo, ki faɗa.

Abu na gaba ƙidaya ce. Ki duba a shafi na nawa masoyan suka yi ido biyu, a na nawa shinge na ƙarshe ya faɗi, kuma shafi nawa ya rage bayan nan. Cuta biyu ke kama littafin ƙarshe. Ɗaya gaggawa: littafi mai shafi 200, a haɗa su a shafi na 194, kamar an kora marubuciya. Ɗayar kuma jan zance: an gama komai tun shafi na 60, sauran duk lefe ne da kamu da buɗar kai da lissafin zannuwa. "Ƙarshen ya yi sauri" ra'ayi ne da kowa zai iya musawa. "An warware rabuwar shekara tara a shafi shida" kuwa hujja ce.

Shekara taran nan ma abin dubawa ne. Daga 1893 da Rabe ya ci Barno zuwa 1902 da Jamusawa suka shiga Marwa, yarinyar da aka fara da ita tana da shekara goma sha biyar ta kai ashirin da huɗu, ta yi aure, ta ga yaƙi. Ki ɗauko hirarta ɗaya daga littafi na ɗaya, ki ajiye kusa da wata daga na huɗu. In har yanzu rufe fuska take da mayafi tana wasa da yatsu a gaban kowace magana, kalanda ce kawai ta tsufa.

Bayan duk wannan ki rubuta hukuncinki a jimla ɗaya, misali: ya biya bashin soyayya, ya cinye na tarihi. In jimlar ta ƙi fitowa, ba ki shirya ba. In ta fito, sharhi mai kalma 800 ya wadatar. Kalma ɗari don tuna wa mutane inda na uku ya tsaya, hukuncin ya biyo baya nan take, kashi mafi tsoka ya tafi ga bashi uku ko huɗu da kika zaɓa daga jerinki, ɗan abin da ya rage ki raba tsakanin tarihi da harshe. Jerin kansa naki ne, ba a buga shi.

Tambaya: Ni malamin tarihi ne. Na tsinci kurakurai a littafin har na gaji da ja musu layi. An biya sadaki da sefa, jarumi ya tsallaka gada zuwa Njamena, an yi yaƙin Kusuri cikin azumi ana ruwan sama. Abokina ya ce ƙagaggen labari ne, in bar kaza cikin gashinta. In zuba su duka a sharhi ko in yi shiru? (Wani malami, Marwa)

Amsa: Malam, kai da abokinka kowa ya riƙe rabin gaskiya. Marubuci yana da 'yancin ƙaga mutanen da ba a yi ba, ya sa su a gefen waɗanda aka yi. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya kawar da rana ko ya sauya wanda ya ci yaƙi, alhali ya sayar da littafinsa da sunan tarihi. Amma sharhin da ya zama takardar gyaran jarrabawa ba mai karanta shi. Sai ka auna kurakuran, don nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Mafi nauyi shi ne wanda labarin ya jingina a kansa. An yi yaƙin Kusuri ranar 22 ga Afrilu, 1900, a nan aka kashe Rabe, a nan kwamandan Faransawa Lami ya mutu. Ranar ta faɗo a ƙarshe-ƙarshen Zulhajji na 1317, bayan Babbar Sallah da kwanaki, a tsakiyar zafin bazara. In marubuciya ta ce jarumi ya tsira ne don ruwan sama ya cika kogi ya raba shi da masu binsa, to ceton nasa duka a kan kuskure ya tsaya, wannan dole ka faɗa. Ga hanyar gwada shekara cikin sauri: cire 622 daga shekarar Miladiyya, ka ninka da 33, ka raba da 32. Za ta kai ka kusa da ta Hijira, sai ka nemi watan a jadawali.

Gadar ma haka. Lokacin yaƙin babu birnin Njamena. Bayan yaƙin ne Faransawa suka kafa Fort-Lamy a ƙetaren Shari, suka sa masa sunan kwamandan da ya mutu, sunan Njamena kuma sai 1973. Gadar Ngeli ta farko daga Kusuri ta shekarun 1980 ce. Mutumin 1900 kwalekwale zai shiga.

Ka duba jerin abubuwan da suka biyo baya, don a nan littattafan ƙarshe suka fi harɗewa. Ingilishi sun ci Yola a Satumbar 1901, Lamiɗon Yola Zubairu ya fice, ya kara da Jamusawa a Garwa a ƙarshen shekarar, sannan a Marwa a Janairun 1902. Janairu a Marwa hunturu ne. Mayo Kaliyaw, kogin Marwa, ya ƙafe, mata na tona yashi su kwarfi ruwa da ƙoƙo, masakwa, dawar rani, ta kusa yanka a karal, wato gonakin laka. Marubuciyar da ta san wannan za ta sa jarumarta ta ɓuya cikin masakwa, ƙura ta rufe mata hanya. Wadda ba ta sani ba za ta sa ta a jirgin ruwa. Haka tafiya: tsakanin Garwa da Marwa kusan kilomita 200 ne, ayarin jakuna zai ci kwana bakwai zuwa goma yana yada zango. Wasiƙar da ta bar Garwa da asuba ta iso Marwa da la'asar, mota ce ta kawo ta.

Kashi na biyu su ne kayan da suka riga zamaninsu. Sefa sai Disambar 1945 aka ƙirƙiro ta. Kafin Turawa da wuri ake ciniki, da ƙyallen saƙa da Fulani ke kira leppi, da dalar azurfa ta Mariya Tireza a manyan harkoki. Dunƙulen Maggi a miyar amarya, ashana a hannun kuyanga maimakon ƙyastu, rufin kwano, atamfa a lefe inda ya kamata a ga saƙi da turkuɗi da tsamiya. Irin waɗannan ba sa rushe labari, suna dai fizgo mai karatu daga cikinsa. Ka zaɓi biyu da suka fi ba da dariya, ka haɗa su a jimla ɗaya, ka wuce.

Na uku bai cika zama kuskure ba ma: inda tarihi ya yi shiru marubuciya ta cike. An san Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya zauna a Balda, ya haɗa kai da Rabe, ya auri 'yarsa Hauwa, aka kashe shi a 1898 yana ƙoƙarin barin Dikwa. Abin da miji da mata suka ce wa juna a daren ƙarshe ba wanda ya rubuta. Nan filin marubuciya ne, ka ƙyale ta ta yi sukuwa. Tambayarka kawai ita ce ko maganar ta yi kama da ta mutanen wancan zamani.

Wani abu da malaman tarihi kan manta: in ta dace, ka faɗa. Wadda ta san ana cewa lamiɗo da lawan da jauro, ba ta kwaso hakimi da dagaci daga Kano ta dasa a Diyamare, yankin Marwa, ba, ta yi bincike, kuma ta cancanci a ambata.

Tambaya: Yaya zan yi sharhin ƙarshen labari ba tare da na fasa ƙwai ba? (Wata ɗaliba, Njamena)

Amsa: 'Yar'uwa, duk abin da ya faru a littafi na ɗaya zuwa na uku halal ne, sai dai ki yi gargaɗi a layin farko cewa wanda bai kai nan ba ya dakata. Daga na huɗu, kashi ɗaya cikin huɗu na farko kawai za ki taɓa. Abin da ya wuce nan ki faɗi yadda ya yi aiki, kada ki faɗi abin da ya faru: "an buɗe layar, abin da ke ciki kuma ya kai nauyin jiran da aka yi" ya isa. In hukuncinki ba zai tsaya ba sai kin tona, ki kai wannan sashe can ƙasa, ki sa masa kai mai gargaɗi. Wanda ke sauraro a rediyo ko a saƙon murya ba ya iya tsallake layi, don haka a sharhin baka a bar tonon gaba ɗaya.

Tambaya: Gafarta Malam, abin da ya tsaya mini shi ne auren ƙarshe. Mijin jarumar ya ɓace a yaƙin Marwa, ba a ga gawarsa ba. Ana sadakar arba'in aka ɗaura mata aure da masoyinta na fari. 'Yan ƙungiyarmu suna ta murna, ni kuwa na kasa. Tsanani na yi? (Wata Hajiya, Ngaundare)

Amsa: Hajiya, kin fasa mana ƙwan da muka gama hana fasawa, sa'a dai ba mu kama sunan littafi ba. Ba ki yi tsanani ba. Labarin da aka kafa a garin da ke da alƙali da liman, aka ce uban yarinya mai zama gaban malamai ne, dole aurensa na ƙarshe ya bi ta ƙofar da mutanen garin za su yarda da ita.

Ko da an ga gawa an binne, takaba wata huɗu ce da kwana goma, sai mai ciki, ita da haihuwa take fita. Sadakar arba'in ba ta da alaƙa da ƙarewar takaba. Wanda ya ɓace kuwa hukuncinsa daban. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a Fombina da Barno, Risala ta ce matar wanda ya ɓace za ta kai ƙara, a bincika, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi idda irin ta mamaci. Malamai sun sassauta ga wanda ya ɓace a fagen fama: in tsakanin Musulmi aka yi yaƙin, tana fara idda bayan rundunoni sun rabu, in kuwa da waɗanda ba Musulmi ba ne, sai shekara guda bayan bincike. Yaƙin Marwa da Jamusawa aka yi, kin ga kwana arba'in bai ko kama hanya ba.

Abin da za ki nuna a sharhi shi ne marubuciya tana da mafita, ba ta bi ba. Tana iya tsallake shekara ɗaya da rabi da jimla guda. Tana iya kawo shaidu biyu da suka ga faɗuwarsa. Tana iya sa matar ta kai kukan rashin ci da sha gaban alƙali ya raba auren, ta yi iddar saki. Kowace daga ciki ma da ta ƙara wa labarin zaƙi, don jiran da aka san ranar ƙarewarsa ya fi cin rai: ga shi a gari ɗaya da ita, ba damar zance sai dai aike. Ki rubuta shi a matsayin damar da aka yi asara, kada ya zama wa'azi.

Tunda daga Ngaundare kike, ki duba wani bashin da irin waɗannan littattafai suka saba cinyewa. Arzikin manyan gidajen wancan zamani da bayi aka tara shi, da hauren giwa. Kuyangar da ta yi littafi uku tana kai saƙo tsakanin masoya, ta sha bulala dominsu, ina ta ƙare? An 'yanta ta, an aurar da ita, ko an bar ta tsaye da buta a bakin ƙofa? Ki kuma lura da yadda ake ambaton Mbum da Gbaya da Giziga da mutanen duwatsun Mandara. Barde na 1900 zai iya kiransu da sunan raini, haka zamanin yake. In muryar mai ba da labari ce da kanta take yin haka, wannan na marubuciya ne, kuma jikokinsu maƙwabtanmu ne, wasunsu da Hausa suke karatu.

Tambaya: Ni a YouTube na saurari na huɗu, na ukun farko kuma labarinsu aka ba ni. Zan iya yin sharhi? Kuma da rubutun Faransanci na saba, Hausar boko tana ba ni wuya. (Wani ɗan kasuwa, Kusuri)

Amsa: Ɗan'uwa, za ka iya faɗin ra'ayinka, amma ka bayyana tun farko cewa na huɗu kaɗai ka sani. Ba za ka iya cewa an biya bashi ko an cinye ba tunda ba a gabanka aka ci ba. Abin da kake da ikon aunawa shi ne ko littafin yana tsayawa da ƙafarsa ga baƙo, wannan kuma tambaya ce mai amfani ga masu shirin saye.

Sauraro yana da tarko. Mai karatu mai daɗin murya yana rufa wa rubutu mai rauni asiri, wani kuma yana datse wurare ko ya ƙara nasa. Kafin ka ɗora wa marubuciya laifi ko yabo a kan wata jimla, ka nemi rubutaccen ka tabbatar. In ka kawo misali daga sauti, ka faɗi kashi na nawa, minti na nawa. In daga littafin da ake saya ta waya ne, layi biyu ko uku kawai za ka ɗauko, da lambar babi, don lambar shafi tana sauyawa daga waya zuwa waya. Ɗaukar hoton shafuka a watsa a WhatsApp cin haƙƙin mai littafi ne.

Kunnenka na ɗan Kusuri ma jari ne. Kai ka san yadda Hausa take a bakin wanda ya tashi cikin Fulatanci da Larabcin Shuwa da Barbarci. In sojan Rabe da bafaden lamiɗo da madugu daga Kano duk Hausa ɗaya suke yi, ka faɗa. In an sa musu gaisuwa da 'yan kalmomin harshensu daidai, ka faɗa.

Batun rubutu kuwa, abu kaɗan ne. Inda ka saba sa "ou" ka sa "u", "dj" ya koma "j", "tch" ya koma "c", "ch" ya koma "sh". Sai haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Ka sa Hausa cikin harsunan madannin wayarka, za su fito in ka danne b ko d ko k. A sharhin labarin sarauta ba a wasa da su: fada daban, faɗa daban, kuma a littafin nan an yi faɗa a fada har sau biyu.